Na sayi kibod marar waya amma wayata ta ƙi ganinsa, ina matsalar take?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne, kuma a waya nake buga aikin makaranta saboda ban da kwamfuta. Na sayi kibod marar waya a kasuwa, na sa masa sabon batir, na kunna Bluetooth ɗin wayata na yi ta nema, ko sunansa bai fito ba. Shin lalatacce aka sayar mini?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Kafin ka koma wa mai shago da faɗa, juya kibod ɗin ka buɗe gidan batir, ka kuma duba cikin kwalinsa. Idan ka ga wani ɗan ƙaramin abu mai bakin USB, wanda bai fi girman farcen babban yatsa ba, to kayanka lafiya lau yake, kawai ba irin wanda kake zato ba ne.

Kibod marar waya iri biyu ne, a ido kuma duk kamarsu ɗaya. Akwai mai Bluetooth, wanda ke magana da waya ko kwamfuta kai tsaye. Akwai kuma mai risiba, wato wannan ɗan abin, wanda za ka ga an rubuta 2.4G a kwalinsa. Shi wannan da risibarsa kaɗai yake magana, tun daga kamfani aka haɗa su. Ko ka kwana kana nema a Bluetooth ba zai fito ba. Yawancin masu araha, musamman waɗanda ake sayarwa haɗe da linzami, irin na biyun ne, kuma ina kyautata zaton naka ma haka yake.

In haka ne, gyaran mai sauƙi ne. A kwamfuta sai dai ka cusa risibar a ramin USB, ka kunna kibod, ka jira 'yan daƙiƙu. A waya kuwa sai ka sayi mahaɗin OTG, wanda gefe ɗaya ke shiga ramin caji, ɗaya gefen kuma ya karɓi risibar. Ka je shagon da wayarka a hannu, domin akwai mai bakin USB-C, akwai kuma mai tsohon bakin micro-USB, kuma ka gwada a gaban mai shago. Wasu wayoyin Android sai ka shiga Settings ka kunna OTG da kanka, wasunsu ma suna kashe shi da kansu idan ya yi minti 10 ba a amfani da shi. Aibin wannan hanya shi ne ramin caji ya toshe, kuma risibar daga batirin wayar take sha. Ka kuma kula da ita sosai, in ka gama ka mayar da ita gidanta, don a masu araha in ta ɓata da wuya a samu wadda za ta maye gurbinta.

To idan babu risiba, kuma akwai alamar Bluetooth a jikinsa fa? Nan kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar cewa kunna kibod ya wadatar. Bai wadatar ba, sai ka sa shi ya fara neman abokin haɗi. Akwai maɓalli na musamman, wani lokaci a ƙarƙashinsa an rubuta Connect, wani lokaci kuma sai ka danne Fn tare da maɓallin da ke da alamar Bluetooth. A Logitech K380, misali, ɗaya daga cikin maɓallan F1, F2 ko F3 ake dannewa na daƙiƙa 3, kowanne yana riƙe na'ura guda. Ka zuba wa 'yar fitilar ido: sai ta fara ƙiftawa da sauri sannan za ka ce wa waya ta nemo sabuwar na'ura. In ta daina ƙiftawa kafin ka gama, sake dannewa.

Da sunan ya fito ka taɓa shi, wataƙila waya ta nuna maka wasu lambobi. A kan kibod ɗin za ka buga su, ba a fuskar waya ba, sannan ka danna Enter. Ba za ka ga suna bayyana a ko'ina ba yayin da kake bugawa, kuma wannan ne ke sa mutane da yawa su zaci bai yi ba su fasa. Idan an taɓa haɗa shi da wata waya da ke kusa, a kashe Bluetooth ɗinta tukuna, in ba haka ba can zai koma.

Bayan ya haɗu, kana iya danna Shift da 2 ka ga alamar zance ta fito maimakon @. Tsarin maɓallan kibod na Ingila da na Amurka ne suka saɓa, sai ka shiga Physical keyboard a saitin waya ka zaɓi wanda ya dace da abin da ke rubuce a maɓallanka. A nan ɗin dai akwai inda za ka bar kibod na fuskar waya ya ci gaba da fitowa, kuma in da Hausa kake rubutu ina ba ka shawarar ka kunna shi, ka sa Hausa a Gboard, wato manhajar kibod ta Google, don ka riƙa ɗauko ɓ, ɗ da ƙ daga can. Ran da ka samu kwamfuta mai Windows, ƙara tsarin Hausa a saitin harshe, sai ka riƙa danne Alt na hannun dama tare da b, d ko k.