Yaya Ake Gane Gwanin Jifa Tun Yana Jami'a?

Tambaya: Malam, me ƙungiyoyin NFL na ƙwallon Amurka ke dubawa kafin su zaɓi kwatabak, wato mai jefa ƙwallo, daga jami'a? Mai karatu, Zariya.

Amsa: Ɗan'uwa, ni ƙafafunsa nake fara kallo. In ƙattan abokan hamayya suka yo kansa, yana dasa ƙafa ya jefa daidai, ko ruɗewa yake? Ana auna tsayi da gudun 'yan wasan jami'a a taron gwaji da NFL ke yi a birnin Indiyanafolis, amma wannan bai cika burge ni ba. Tom Brady na jami'ar Michigan gudunsa ba yabo, sai a lamba 199 aka ɗauke shi a zaɓen sababbin 'yan wasa na 2000, ya kuma ci Super Bowl, wato wasan ƙarshe na cin kofin NFL, sau 7. Shi ya sa nake maimaita bidiyon wasan da aka lallasa yaro, in ga jifansa na gaba bayan an ƙwace masa ƙwallo.