Wace kotu zan je? Amsoshin masu karatu kan sallama daga aiki, kuɗin kaya da ƙazantar masana'anta

Tambayoyi uku na ɗauko a wannan makon, kuma dukkan masu su sun fara lissafin kuɗin lauya tun kafin su san kotun da ke da ikon sauraronsu.

Ta farko daga Kakuri: "Shekara shida ina aikin sito a wani kamfani. Wata Litinin mai gadi ya tare ni a get, ya ce an ce kada in shiga. Ba takarda, ba notis, ga albashin wata biyu ina bin su. Wani ya ce in kai su kotun Musulunci ta Magajin Gari tunda can ba a ja da nisa, wani lauya kuma ya ce in kawo kuɗi ya shigar a Babbar Kotun Jiha. Wanne zan bi?"

Malam, kada ka bi ko ɗaya. Tun gyaran da aka yi wa kundin tsarin mulki a 2010, wanda ya fara aiki a 2011, sashe na 254C ya miƙa rigimar ma'aikaci da wanda ya ɗauke shi aiki ga Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ita kaɗai, ko albashi ne, ko sallama, ko fansho, ko rikicin ƙungiyar ƙwadago. Kotun ta samo asali tun 1976, kuma tana da reshe a nan Kaduna, ba sai ka hau jirgin ƙasa zuwa Abuja ba. In ka shigar a wata kotun, lauyan kamfani ba zai ma taɓa zancen albashinka ba. Miƙewa zai yi ya ce kotu ba ta da hurumi, a yi ta ɗage zama a kan wannan kawai, ƙarshe a ce ka koma inda ya dace. Lauyan da bai san wannan ba kuwa, ni dai ba zan ba shi ko kwabo ba.

Yanzu ga abin da ya fi damuna a labarinka: ba ka da takardar sallama. Gobe kamfanin zai iya cewa kai ne ka daina zuwa aiki. Don haka yau ɗin nan ka rubuta musu wasiƙa, ka faɗi ranar da aka hana ka shiga, ka nemi su bayyana matsayinka a rubuce su kuma biya ka. Ka yi kwafi biyu, a buga maka hatimin karɓa da kwanan wata a kan naka. In sun ƙi karɓa, ka aika ta kamfanin kai saƙo ka adana rasit. Sannan ka tattara takardar ɗaukar aiki, katin shaidar aiki, da bayanan asusunka na banki inda alat ɗin albashi ke shigowa wata-wata har ya tsaya. In ba su taɓa ba ka takardar ɗaukar aiki ba, gazawarsu ce, domin Dokar Ƙwadago ta wajabta a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da farawa. Saƙonnin WhatsApp da manaja ma hujja ne a ƙarƙashin Dokar Shaida ta 2011, saboda haka komai matsi kada ka sayar da wayar nan.

Me za ka samu? Kada wani ya cika maka baki. A kamfani mai zaman kansa da wuya kotu ta tilasta a mayar da mutum bakin aiki. Wannan ya fi faruwa ga ma'aikatan gwamnati da doka ta tsara yadda za a sallame su. Kai abin da ke gabanka shi ne albashin da kake bi, da kuɗin notis, da duk haƙƙin da takardar aikinka ta ambata. Ga leburori da ma'aikatan ofis irinka, wanda ya kai shekara biyar notis ɗinsa wata guda ne ko albashin wata guda a madadinsa. Gaskiya ne a 'yan shekarun nan kotun na tambayar kamfanoni dalilin sallama, har takan ƙara diyya idan babu dalili, amma kada ka ci bashi a kan wannan. Ka kuma je wurin kamfanin fanshonka ka karɓi bayanin asusu. Dokar Fansho ta 2014 ta ce kamfani mai ma'aikata 15 ko fiye zai zuba kashi 10 cikin ɗari na albashinka, a cire maka kashi 8. Sau da yawa a nan ake gano an cire ba a tura ba, kuma kuɗin kan fi albashin wata biyun.

Kafin kotu, ka fara da ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke Kaduna, su gayyaci kamfanin a zauna. Ita kanta Kotun Ma'aikata tana da sashen sulhu. In ta kai ga lauya, ka'idar aikinsu ta yarda a yi yarjejeniya ya karɓi kaso daga abin da aka ci maimakon kuɗi a gaba. Ku rubuta kason, ku rubuta wa zai biya kuɗin shigar da ƙara da na mota, kowa ya sa hannu.

Ta biyu daga Unguwar Rimi: "Na biya kuɗin firiza da batirin sola a wani shago, yau wata huɗu sai gobe sai jibi. Ƙanena ya ce a kawo 'yan sanda."

Hajiya, ki dakatar da shi. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum saboda bashi ko saɓa alkawarin ciniki kawai, kuma wanda aka tsare a kan haka zai iya maka ki a kotu ya nemi diyya, reshe ya juye da mujiya. Sai fa idan tun farko damfara ce, babu shagon babu kayan. Ki fara da shugabannin kasuwar, sun fi kowa sanin inda za su matse shi. In bai yi ba, ki ɗauki rasit da shaidar tura kuɗi zuwa kotun majistare, ko kotun shari'ar Musulunci idan ku biyun Musulmi ne. A can hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa kan wanda ya musanta. In ya nemi biya kaɗan-kaɗan ki karɓa, amma a gaban alƙali, a rubuta a matsayin hukunci, yadda in ya saɓa za a iya kama kayansa ba tare da an sake shari'a daga farko ba.

Ta uku daga wani dattijo a Rigasa: "An buɗe wata ƙaramar masana'anta bayan gidana. Baƙin ruwa take saki a kwata, rijiyarmu ta canza ɗanɗano, janareta kuma har asuba. In sayar da gidan ne, ko in kai ƙara?"

Baba, kada a yi gaggawar sayarwa. Duk mai sayen da ya shaƙi warin nan zai karya farashi, ka yi asara sau biyu. Amma shari'ar muhalli tana da tsada, saboda alƙali ba zai karɓi "ruwan ya canza" a baki ba. Zai so a nuna masa me ke cikin ruwan, kuma daga masana'antar ya fito, ba daga shaddar maƙwabci ba. Wannan aikin ɗakin gwaji ne da ƙwararren da zai zo ya ba da shaida, kuma nan kuɗin ke tafiya.

Shi ya sa nake ganin a bar hukuma ta fara ɗaukar wannan nauyin. Ku haɗu da maƙwabta da mai unguwa ku rubuta koke ɗaya zuwa KEPA, hukumar kare muhalli ta jiha, da duba-gari na ƙaramar hukuma, ku aika kwafi ga NESREA ta tarayya da aka kafa a 2007. Ku tambayi KASUPDA, hukumar tsara birane ta jiha, ko ta ba da izinin masana'anta a tsakiyar gidaje. Rahoton da jami'ansu za su rubuta shi ne zai zama ƙashin bayan ƙararku. Kafin nan a riƙa ɗaukar hoto da bidiyo masu kwanan wata, a adana katin asibitin duk yaron da ya yi ciwon ciki ko ƙuraje, a kuma daina shan rijiyar.

In hukuma ta yi shiru, sai Babbar Kotun Jiha da ke titin Bida. Abu biyu za ku roƙa: umarnin dakatar da sakin ruwan, da diyya. Ku sa lauya ya nemi umarnin wucin gadi tun ranar shigar da ƙara, don kada a yi ta ɗage zama ruwa na ci gaba da gangarowa. Diyya kuwa kowane gida sai ya nuna tasa asarar daban, don haka kuɗin ruwan da kuke saya wurin 'yan garuwa a fara rubuta shi a littafi daga yau, kura nawa, naira nawa.