Wane digiri ya dace da mai son aikin gudanar da jami'a?

Tambaya: Malam, na kammala lisans a fannin tattalin arziki a nan Damagaram, kuma ina sha'awar aikin gudanarwa a jami'a. Wane mastar zan yi?

Amsa: 'Yata, ki fara tantance kujerar da kike hange. Idan ofishin rajistar ɗalibai, ko na kuɗi, ko na kula da ma'aikata kike so a Jami'ar André Salifou, mastar na shekara 2 a fannin gudanarwa ko dokokin mulki ya wadatar. Amma shugabancin jami'a ko na tsangaya na malamai ne masu digirin dakta, waɗanda CAMES, hukumar kula da ilimi mai zurfi ta Afirka da Madagaskar da ke Wagadugu, take tantance darajarsu. Wannan hanya doguwa ce, kuma ba na so ki shige ta sai in kina ƙaunar koyarwa da bincike.