Kafin ki ba da kuɗin kwalin 'yan tsaki, ƙanwata

Wa alaikumus salam ƙanwata. Na ga tambayarki tun jiya, kinka ce kuna da ɗan fili bayan ɗaki a gidanku can unguwar Zariya nan cikin Maradi, akwai wani mai kawo 'yan tsaki daga Najeriya ya ce ki kawo kuɗin kwali guda, kina son ki ji ko abin na da riba ko wahala ce kawai. Na bari sai da na gama aikin gida don amsar ba ta layi biyu ba ce. Shekara tara ke nan ina kiwon kaji a tsakar gida nan Maradi, na ci riba na kuma yi kuka, to bari in gaya miki abin da na gani da idona.

Kuɗin kwalin nan da kike ta tarawa, shi ne mafi ƙanƙanta a cikin abin da za ki kashe. Wannan ne ba wanda ya gaya mini lokacin da na fara. Kwali tsako 50 ne, za ki gan su 'yan mitsi-mitsi ki ce mi waɗannan za su ci, wallahi cin su ya fi ƙarfin tunaninki. In na nama ne, waɗanda ake ce wa burela, kowane guda zai cinye wajen kilo 4 na abinci kafin ya kai sati shida, ki lissafa sau 50, kilo 200 ke nan, buhu takwas na mai kilo 25. In kuma masu ƙwai ne abin ya fi haka tsawo, don ba za ki ga ƙwai ko guda ba sai sun kai sati 18 zuwa 20, wata huɗu da rabi kina zuba abinci ba dala ɗaya da ke shigowa, kowace za ta ci kilo 6 zuwa 7 kafin nan. In sun fara ƙwan kuma kowace na cin giram 110 zuwa 120 a rana, wato buhun nan kwana huɗu ya ƙare. Kuma ba su san an yi ƙarshen wata ba, ba su san maigida bai samu albashi ba. Rana biyu kinka rage musu ko kinka ce bari in haɗa da dusa zalla, ƙwan ya faɗi, sai ya ɗauki kwanaki kafin ya dawo. Shi ya sa nake ce wa kowa, in ba ki da kuɗin abincinsu a ajiye tun kafin su zo, ki bar kuɗin kwalin a asusu tukuna.

Ba ki faɗa mana don mi kike son su ba, kuma nan ne maganar take. In dai don ɗiyanki su samu ƙwai da safe kafin su tahi lekol, ki samu abin yankawa ran da baƙi sunka zo ko ran suna, ni ban ga abin da zai kai ki ga 'yan kwali ba. Ki je kasuwa ran Litinin ko Juma'a ki zaɓi kajin Hausa budare huɗu ko biyar da zakara guda, ko ma ki aika ƙauye wajen dangi a samo miki, ya fi aminci. Kazar Hausa ba ta da ƙwai da yawa, tana yin 10 zuwa 15 sai ta kwanta, kwana 21 ta ƙyanƙyashe, a shekara ta yi haka sau uku ko huɗu, ba za ki haɗa ta da ta gidan gona mai yin kusan 300 a shekara ba. Amma ita ke ɗumama ɗiyanta, ita ke koya musu tono, ita ke faɗa da shirwa, ke barcinki kike. Tsakin hatsi, ragowar tuwo, dusa, ɗan tunkuza, shi ke nan. Da damina ma sai ki sa mata ƙwan zabi ta kwanta miki, shi yana ɗaukar kwana 26 zuwa 28, ki samu zabbi a banza. Zakara kuwa don ƙyanƙyasa ne kawai, kaza na yin ƙwai ko babu shi, na faɗa don in gidan haya kuke kuma maƙwabta ba su son cara da asuba.

To in kuma sana'a kike so, kin ce lalle sai 'yan kwali, ki saurara da kyau, don sati ukun farko su ne komai.

Tsakon kwana ɗaya ba ya iya ɗumama kansa, ke ce uwarsa. Satin farko yana son zafi wajen digiri 32 zuwa 35, kowane sati a rage kamar 3 har gashi ya rufe shi. Ni ba ni da abin awo, su nake kallo. In sun dunƙule wuri guda suna hawan juna suna tsuwa, sanyi suke ji, kuma a haka ne na ƙasa ke mutuwa. In sun watse sun manne jikin bango baki buɗe, zafi ya yi yawa. In kowa na yawonsa yana ci yana sha, to daidai ne. Karo na na farko cikin hunturu na ɗauko, watan Janairu, na dogara da ampul guda, wato ƙwan lantarki, don ɗumama su, wuta ta ɗauke wajen ƙarfe biyu na dare ina barci, da asuba na iske goma sha bakwai sun sandare a ƙarƙashin 'yan uwansu. Na zauna nan ƙasa na yi ta kuka kamar an yi mini rasuwa, maigida na ta ba ni haƙuri yana danne dariya. Tun daga ranar ban sake yarda da wuta ita kaɗai ba, kullum da tukunyar garwashi a gefe. Amma garwashin ma a hura shi a waje sai ya ruru hayaƙi ya ƙare sannan a shigar, a ɗora bisa bulo kada su taɓa, kuma kada ki toshe ɗakin ruf, ki bar ƙofar iska daga sama, iskar gawayi na kashe mutum ma balle tsako. Ki sani za ki dinga tashi sau biyu sau uku cikin dare. In kina da goyo ko kina fita aiki tun safe ba wanda zai duba, ki yi wa kanki adalci.

Ran da za su zo, ɗaki ya riga ya yi ɗumi, an wanke an shimfiɗa buntun shinkafa ko ɓawon gyaɗa busasshe, wanda ba ya warin ruma. Ki tuna tafiyar da sunka sha, yawancin 'yan tsakin nan daga kudancin Najeriya suke tasowa, wajen Ibadan, su bi Kano, Katsina, Jibiya, Dan Isa sannan su iso mu, tsako na iya jure kwana biyu zuwa uku da sauran ƙwanduwar da ke cikinsa amma yana isowa a galabaice. Kada ki fara da abinci. Ruwa da ɗan sukari za ki fara ba su, ki kama waɗanda sunka yi laushi ki tsoma musu baki, bayan awa biyu ki zuba abinci bisa takarda. Abin ruwan ya zama mara zurfi, ko ki zuba tsakuwa ciki, don tsako na nutsewa a ruwan da bai kai gaɓar yatsa ba, na gani.

Kuma ki buɗe kwalin gaban mai kawowa, ko da zai ɓata rai. Lafiyayyen tsako idonsa tar, yana tsaye da ƙafafunsa, cibiyarsa a bushe, ba kashi manne a gindinsa. Wani abu kuma da ya taɓa cin ni: na biya kuɗin masu ƙwai, aka kawo mini farare tas masu kyau, ni ban sani ba ina ta murna, sai da sunka kai sati biyar na ga kowa na fitar da tukku ja. Zakaru ne duka. Ashe irin jajayen nan masu ƙwai tun ran da anka ƙyanƙyashe ake rabe su da launi, matan ja-ja ne ruwan ƙasa, mazan farare, kuma mazan arha ne ƙwarai. Mutumin da na kira shi sai ya ce shi ma haka anka ba shi. Na yi ta ciyar da su wata huɗu kafin su yi girman sayarwa, na dai fitar da uwar kuɗi da ƙyar. Yanzu akwai wasu irin da ake ce wa Noiler, su tsaka-tsaki ne, nama da ƙwai, sun fi burela juriya kuma suna kiwo a tsakar gida, ga mai farawa ni su na fi so.

Sai maganar rigakafi, lamba kamar yadda muke cewa. Annobar nan da ke share kajin unguwa lokacin hunturu, ki ga kaza ta saki fukafukai tana zawo kore-kore wuya ya murɗe, ita likitocin dabbobi ke kira Niyukasul, kuma ba ta da magani in ta shiga, sai dai rigakafi. Na san za a ce miki ki jiƙa barkono ko ɓawon maɗaci, kakata ma haka take yi, ni ban hana ba amma ban taɓa ganin ya tsayar da ita ba. 'Yan kwali ana ba su nata a satin farko a maimaita wajen sati uku, sai na wata cutar 'yan tsaki da ake ce wa Gumboro tsakanin kwana 10 zuwa 14 shi ma a maimaita. Ki je wajen likitan dabbobi ya rubuta miki ranakun a takarda ki manna jikin ƙofa. Abin da ke ɓata wa mutane aiki shi ne riƙon maganin: sanyi yake so, daga firigo ki sa shi cikin ƙanƙara har gida, kada ki jefa shi a jaka ki biya kasuwa cefane. A janye musu ruwa awa ɗaya ko biyu su ji ƙishi, a haɗa da ruwan rijiya ko na pampo da ya kwana a buɗe, don maganin da ake sa wa ruwan pampo na kashe lambar, kuma su shanye cikin awa biyu, abin da ya rage zubarwa ake. Kwalba guda ta kaji ɗaruruwa ce, mu nan mu huɗu muke haɗa kuɗi da maƙwabta mu yi rana guda. Kajin Hausa ma a yi musu kafin sanyi ya shigo, mutane na ganin kamar su ba su buƙata, su ne ma annobar ke fara kwashewa.

Duk kazar da kinka sayo kasuwa ko anka ba ki kyauta, ki ware ta sati biyu kafin ta shiga cikin naki. Kuma kada ki haɗa 'yan kwali da kajin Hausa ko agwagi wuri guda. In kin ga suna mutuwa da yawa lokaci guda, kada a yanka a ci, kada a jefar a bola, a kira likita a binne. Masu shekaru irina na tuna 2006 da murar tsuntsaye ta ɓulla Magariya bayan ta bayyana a Kaduna, yadda kasuwar kaji ta mutu murus. Yara kuma su wanke hannu da sabulu in sun taɓa su, don akwai masu sumbatar tsako, ɗiyata ƙarama sai da na yi da gaske.

Shimfiɗa in ta jiƙe ki kwashe, daga nan ne kashin jini ke zuwa. Akurki ki sa mishi ragar waya mai ƙananan ƙofofi har ƙasa, muzuru da ɓera da jaba ba su da imani, ɓera na jan tsako ta ramin da ba ki zata ba. Ga wari da ƙudaje da damina, in filin naku jikin tagar maƙwabta yake to ki fara yi musu magana. Kashin dai ba ya zama asara, masu garka a bakin Gulbi na saye, ni buhu-buhu nake tara musu.

Lokacin ɗauka ma abin dubawa ne. Hunturu na kashe ƙanana, bazara na kashe manya. Burela da ya yi nauyi a watan Afrilu ko Mayu, da zafinmu na nan da ke wuce digiri 40, ki gan shi lafiya da hantsi, da azahar ya kife. Na taɓa rasa tara a yini guda saura kwana biyar in sayar, ɗakin kwano ne ban ɗora mishi zana ba. Ni yanzu ƙarshen damina nake ɗauka, ko in ƙirga sati bakwai baya daga Sallah ko ƙarshen shekara in lokacin bai faɗa tsakiyar zafi ba. Kuma ki nemi masu saye tun suna sati huɗu, masu gashi, masu gidan abinci, matan unguwa masu biki, don burela in ya wuce lokacinsa kullum ribarki yake ci, dillalai kuma sun san haka, sai su ja ki har ki gaji ki sayar yadda suke so. Bashi kuwa, hmm, har yau akwai wadda nake bi kuɗin kaji uku tun bara waccan, muna haɗuwa wajen biki tana gaishe ni da fara'a.

Da ni ce ke, wannan karon ba zan ɗauki kwali cikakke ba. Ko ki raba da wata ku ɗauki 25 kowa, ko ki nemi waɗanda anka riga anka raina sati uku zuwa huɗu sun wuce wahalar ɗumi an yi musu lambar farko, sun fi tsada amma kin sayi barcinki. Ki dai tambayi wace lamba da wace anka yi musu, da ranar da anka yi. Ki faɗa mini taku nawa ne filin tsawo da faɗi, rufin kwano ne ko a buɗe yake, da kuma ko gidan naku ne ko haya, sai in gaya miki guda nawa zai ɗauka, don manya bai kamata su wuce bakwai ko takwas a mita guda tsawo da faɗi ba, da zafinmu ma gara ƙasa da haka. In kina da hali kuma ki shigo unguwar Mokoyo ran Lahadi bayan la'asar ki ga nawa akurkin, akwai wasu 'yan kwana goma yanzu haka a ciki.