Shin Lenin ne ya tumɓuke Sarkin Rasha?

Malam, ka tambaya ko Lenin, jagoran 'yan gurguzun Rasha, shi ne ya sauke Sarki Nikolas na Biyu. A'a, lokacin da abin ya faru Lenin yana gudun hijira a Zurik, ƙasar Siwizalan. Sai a watan Afrilu ya dawo, ya tarar an gama.

Mata ne suka kunna wutar. Ranar 8 ga Maris 1917, wato 23 ga Fabrairu a tsohuwar kalandar Rasha, matan masaƙun Fetirogirad, babban birnin Rasha a lokacin, suka ajiye aiki suka fito suna neman burodi. Duk lokacin da na tuna da su sai jikina ya yi sanyi. Mace ta fito tun asuba cikin ƙanƙara, ta bi layin gidan burodi, mijinta yana fagen yaƙi da Jamus, a ƙarshe a ce mata ya ƙare. Hatsi kuwa akwai shi a ƙasar, jiragen ƙasa ne yaƙi ya cinye, babu mai kawo shi birni.

Sarki ya ba da umarnin a murƙushe masu zanga-zangar, ranar 11 ga Maris sojoji suka buɗe wuta. Washegari sojojin rundunar Boliniski suka juya wa hafsoshinsu baya suka bi talakawa, sauran barikoki suka biyo su. A ganina nan ne sarautar ta mutu.

Ranar 15 ga Maris Nikolas ya yi murabus a cikin jirgin ƙasarsa a garin Pskov, washegari ƙanensa Mika'il ya ƙi karɓar gadon sarautar. Gidan Romanov da ke mulki tun 1613 ya faɗi ke nan. Gwamnatin riƙon ƙwarya da ta gaje shi ita ce Lenin ya kifar a watan Nuwamba.