Wani zai biya kuɗin mota ta hannun baƙo, in karɓa?

Tambaya: Malam, ina sayar da motoci a Agege. Wani ya taya mota naira miliyan 18, ya ce rabi zai kawo tsaba a jaka, sauran kuma wani kamfani a waje zai turo. In karɓa? Daga wani mai karatu a Legas.

Amsa: Alhaji, kada ka karɓa a haka. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5 ba ta banki ba, kamfani kuma miliyan 10. Miliyan 9 a jaka ta riga ta haye wannan iyakar.

Rabin da zai zo daga waje ya fi tayar min da hankali. Wane ne mai kamfanin, me ya haɗa shi da mai sayen? Idan sunansa yana cikin jerin waɗanda Majalisar Ɗinkin Duniya, Amurka ko Najeriya suka ƙaƙaba wa takunkumi, asusunka za a toshe, kai za a kira. Ranar nan ba za ka ga ƙeyar mai sayen motar ba.

Dillalan motoci wajibi ne su yi rajista da SCUML, sashen hukumar EFCC mai sa ido kan halasta kuɗin haram. Ka karɓi lambar NIN ta mai sayen, ka ajiye kwafin katinsa da rasit, kuɗin kuma su fito daga asusun da ke ɗauke da sunansa. In ya fara kame-kame, ka bar motarka a inda take.