Tambaya da Amsa: Wane littafi zan ba 'yata?

TAMBAYA: Salam Anti, ni uwa ce a Tudun Wadan Zariya, 'yata shekararta 12, a Legas ta tashi sai bara muka dawo gida, yanzu 'yan ajinsu dariya suke mata wai Hausarta ba ta fita, ta daina kula kowa sai waya, rannan na gan ta tana karanta irin littattafan nan da ake turawa a WhatsApp. Don Allah akwai sabbin labarai na ƙawance da zumunci da suka dace da ita? Ni ma ina son nawa.
Maman Yara

AMSA: Wa alaikumus salam Maman Yara, Allah ya raya mana ita. Na manya kam sun yi yawa, ki leƙa manhajar karanta labarai ta Wattpad ko ki saurari masu karanta littafi a YouTube, mafi yawan marubutan mata ne kuma abin da suke taɓowa shi ne gidajenmu, kishi, saki, riƙon ɗan wani, 'yar da ta tashi a wani gari ta dawo dangi suna mata kallon baƙuwa. Wasu sun iya alƙalami sosai wallahi, wasu kuma batsa ce zalla aka lulluɓe da sunan faɗakarwa, shi ya sa duk wanda za ki bari ta karanta ki riga ta karantawa, har ƙarshe, don sau da yawa sai labari ya yi nisa ake sako abin.

Na yara ne matsalar, kuma abin yana min ciwo. A garin nan fa aka buga littattafan gasar rubuta labaran Hausa ta 1933, nan aka fara Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, nan aka kafa kamfanin Gaskiya a 1945 sannan kamfanin buga littattafai na Arewa, wato NNPC, a 1966, amma yau ki zaga shagunan littafi na Sabon Gari ki ce a ba ki sabon labarin Hausa na 'yar shekara 12, yawanci littafin makaranta za a miƙo miki ko tsofaffin da mu ma muka karanta. Marubutanmu sun fi bin inda masu biyan kuɗin karatu suke, su kuma manya ne.

To ga shawarata. Kar ki raina tsofaffin, Magana Jari Ce gajerun labarai ne, ku riƙa karanta guda ɗaya bayan sallar isha'i, ke shafi ita shafi, in ta yi tuntuɓe ki gyara mata ba dariya, kunnenta da bakinta za su saba. Ki je shagon littattafai na ABU a Samaru ki tambayi ɓangaren yara, na Turanci ma kar ki hana ta, musamman waɗanda 'yan Najeriya suka rubuta, yarinyar da ake ce mata ba 'yar nan ba ce tana buƙatar ta ga wata irinta a cikin labari ko da wane harshe ne. In kun gama ki tambaye ta wa ya burge ta, wa ya ci amanar ƙawarsa, a nan za ki ji abin da ke damunta a makaranta wanda ba za ta faɗa miki kai tsaye ba.

Wayar kuma kar ki ƙwace da faɗa, ki fitar da ita daga guruf ɗin kawai. Sannan ki nemo 'yar maƙwabta ko 'yar ƙanwarki sa'arta su riƙa musayar littafi duk Asabar.